Murfin Bindigar Merle

A kakar bara, Merle Dunphy ya harbi barewa a kan tudu ya kuskure. Ƙarar harbin ba ta gama mutuwa ba murfin da ke ƙarƙashin bindigar, wanda ke riƙe harsasai, ya buɗe, sauran harsasan suka zube a kan takalminsa. Yana duƙe yana lalube cikin dusar ƙanƙara, matarsa Lorna ta ɗaga tata bindigar ta kayar da barewar. Naman suka ci har ƙarshen hunturu, kuma kullum ta ajiye masa faranti sai ta tambaye shi ko ya yi daɗi.

Da kaka ta sake zagayowa sai ya yi odar sabon murfi, haɗe da ƙarfen da ke kewaye kunamar bindigar. A jikin kwalin an rubuta cewa yana shiga kowace ƙotar bindiga ba sai an yi sassaƙa ba. Bai shiga tasa ba. Ya kwaso komai ya kawo shagon Orval Teigen, mai gyaran bindigogi a garinmu, nan gabashin Montana. Ina zaune a wurin, don tun da na daina raba wasiƙu can nake shan kofina.

Orval ya kwance sukurori biyu, ya zare tsohon ƙarfen, ya kunna fitilar kananzir ya turara sabon har ya yi baƙi, ya danna shi a raminsa. Da ya ɗaga, baƙin ya kama katakon ta gefe ɗaya kawai.

"Ramin a karkace yake," in ji shi. "Miƙo mini kurfin can, in ɗan kankare."

"Kada ka taɓa katakon," in ji Merle. "Babana ne ya sassaƙa ƙotar nan da hannunsa."

Orval ya dube shi ta saman tabarau. "Merle, ko katako ya rage, ko ƙarfe ya rage. Ba na uku."

"To ƙarfe ya rage."

"Ka san ƙarfe kuwa?"

"Kai ne ka san shi, dattijo. Shi ya sa na zo."

Bayan ya fita, Orval ya daɗe yana juya ƙotar a hannu. Ta katakon walnat ce, ta yi duhu don tsufa, ta yi santsi inda kunci ke jingina. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ni na sassaƙa ta."

Na ajiye kofi.

Ya ce a lokacin bai daɗe da buɗe shago ba. Tsohon Dunphy, baban Merle, ya kawo masa katakon a ɓoye, ya karɓi ƙotar a ɓoye, ya je gida ya ce aikinsa ne. Har gari ya ɗauka, har aka faɗa a wajen jana'izarsa.

"To ka gaya wa Merle mana," na ce.

"Mutumin ya mutu, Wendell. Abin kirki ɗaya ke nan da ake faɗa a kansa."

Sai ya ɗauki magagari. Ya turara ƙarfen, ya danna, ya duba inda baƙin ya goge, ya ɗan ci wurin, ya sake turarawa. Haka rana ta farko, haka ta biyu. Aikin da kurfi zai gama kafin kofi ya huce, ya shiga makonni. Kafaɗarsa ta fara ciwo. Ga kuma ramukan sukurori da dole su haɗu daidai, in ba haka ba harsashi ya ƙi hawa.

Merle kuwa kullum yana zuwa. Ya zauna a kan akwatin albarushi, ya ci kek ɗin tuffa da Lorna ta aiko wa Orval, ya riƙa yabon ubansa.

"Dubi layin nan. Yanzu ba a irin wannan hannun."

"Ba a yi," in ji Orval.

"Kai kanka ba za ka iya ba."

Magagarin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Lokacin farauta ya buɗe, motoci suka riƙa wucewa da barewa a baya. Lorna ta tafi ita kaɗai ta dawo da tata. Ran da aka rufe farautar, Orval ya danna ƙarfen ya zauna daram, ko takarda ba za ta ratsa tsakani ba. Ya ɗaure sukurorin, ya cika harsasai, ya buga gindin bindigar a ƙasa. Murfin bai motsa ba.

Merle ya karɓa, ya buɗe, ya rufe, ya saurari ƙarar. Ya gyaɗa kai.

"Ya yi. Kusan ya kai aikinka na farko."

"Wane na farko?"

"Ƙotar mana. Haba Orval, babana ko fensir ya fiƙe sai ya yanke yatsa. Mamana ta gaya mini tun ina makaranta."

Orval ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ka sani, ka bar ni ina cin ƙarfe wata guda?"

"Wanda ya sassaƙa ta saurayi ne, hannunsa ba ya rawa. Kai kuwa na ga yadda kake zuba kofi. Ba zan bar ka ka ɓata masa aiki ba."

"Ramin fa a karkace ya yi shi."

"Ka gani? Yana saurayi ma ke nan."

Muka zagaya bayan shago mu uku. Orval ya ɗora gwangwanin wake a kan shinge, ya dawo ya toshe kunnuwa. Merle ya auna ya harba, ya sake ɗanawa, ya harba, har harsasan suka ƙare. Gwangwanin yana nan inda aka ajiye shi. Merle ya juyo yana duban Orval.

"Wannan kuma ba a gyara shi a shagona," in ji Orval, ya wuce ciki don sanyi ya fara sauka.