Layin da Ba a Zarewa

Direbobin Damagaram masu bin hanyar Jado suna da wata ɗabi'a da wuya ce ta koya musu. Kafin mota ta faɗa sahara, mutum yakan zare pus ɗinsa, ɗan katin nan na layin waya, ya tura shi cikin ƙaramin aljihun da matarsa ta ɗinka masa a ƙugun wando. In ƴan fashi suka tare hanya, su kwashe waya, can ta matse musu, layi dai yana jikin mai shi. Da ya kai inda akwai rezo, wato sabis na waya, sai ya ari wayar wani, ya sa pus ɗinsa, ya kira gida. Shi ya sa a gidan direba, in lambar maigida ta fito a waya, an san shi ne, da ransa.

Lubabatu ta saba da wannan. An sha raba mijinta Mai Nasara da waya a hanya, kuma bai taɓa kasa kiranta ba.

Ana gobe zai tashi ya shigo gida da sabuwar waya, yana ta juya ta kamar yaron da aka saya wa takalmin salla. A bayansa ga ƙanenta Abdul'aziz, mai shagon waya a kasuwar Dole, wanda ya sayar masa da ita. Lubabatu ta miƙa hannu.

"Kawo pus ɗin in gwada, in ga ko zai shiga aljihun sabon wandon."

Abdul'aziz ya yi dariya. Shi dama in ana zancen waya ba ya jin kira.

"Yaya, wannan ba ta da pus. Layi iri-iri ne yanzu. Akwai naku na dā, mai zarewa, mai karyewa, mai ɓata. Akwai wanda aka rubuta shi a cikin wayar kanta, irin wannan, babu abin da za a zare. Har akwai wanda ake liƙawa cikin na'ura, irin wanda na sa wa kamiyon da yake ja, don mai mota ya riƙa ganin inda take."

"To in an karɓe wayar fa?"

"Sai ya je ofis a mayar masa da layinsa a wata."

"Akwai ofis a cikin rairayi?"

Mazan suka dubi juna. Mai Nasara ya ce bakinta ya sari ɗanyen kashi, mutum zai yi tafiya ana kira masa tsiya.

Daga Agadas ya kira, yana ta yabon yadda murya ke fita tas. Daga nan kuma ɗif. Shirun hanya ba baƙonta ba ne, ta san tsawonsa kamar yadda ta san tsawon zanenta. Wannan ya wuce nan. Direbobin da suka tashi bayansa suka kira matansu, wasu ma har suka dawo. In ta kira, a ce wayar a kashe take.

Wata hantsi ta yafa gyale ta nufi shagon ƙanenta. Bai tsokane ta ba yadda ya saba. Da ma ya riga ya duba inda motar take, ya rasa bakin faɗa ne. Ya juyo mata da fuskar wayarsa, ya nuna mata wani ɗan ɗigo a kan taswira.

"Layin motar ya farfaɗo, Yaya. Tana tafiya."

"Alhamdu lillahi!"

"Ba Jado ta nufa ba, ba kuma gida ba. Can wajen iyaka take."

Nan take ta latsa lambar mijinta. Wannan karon ta shiga. Ta yi ta ringi, har aka ɗauka.

"Baban Munira?" ta ce, yadda ta saba kiransa.

Muryar wani ce, Hausarsa a karye, ga ladabi kamar mai neman hanya. Ya gaishe ta, har da tambayar yara. Sannan ya ce wayar nan ta dame shi, ya nemi inda ake zare pus bai gani ba, kuma ta ƙi buɗewa. Ta taimaka ta gaya masa kod ɗin, lambar sirrin buɗe ta.

Lubabatu ta ƙara manna wayar a kunne.

"Ba maigidana wayar. Shi ya san kod ɗinsa, ya gaya maka da bakinsa."

Tana jin ƙugin injin mota a bayan mutumin.

"Hajiya," ya ce, "da zai iya gaya mini, ai da ban ɗauki kiranki ba."