Ai Haƙori Ne

Ranar wata Talata ce abin ya fara. Hadari ya haɗu tun da hantsi, ya tsaya baƙi ƙirin a kan gari, ya ƙi zubar da ruwa, ya kuma ƙi wucewa. Iska ta ɗauke ɗif. A gidan burodin da Sumul ke aiki, gumi har cikin takalmi.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa Sumul. Shekararsa ashirin da bakwai, da mata da 'ya, amma haɓarsa kamar bayan cokali. Shi ke tsayuwa a bakin tanderu, yana tura gwangwanayen burodi da doguwar sanda.

"Sumul," in ji mai kwaɓi, hannunsa dumu-dumu da fulawa, "tsakaninka da Allah, yarinyar nan taka ce, ko ƙanwarka aka ba ka raino?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, irin wadda ba ta wuce leɓe.

Direban motar fulawa, wani mai gemu har ƙirji, ya ja shi bayan buhuna, ya damƙa masa 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, ba takarda a jikinta.

"Sau ɗaya a rana. Zai yi raɗaɗi, kada ka wanke. Saiwar gashi ce ke tashi daga barci."

Bai kai kwalbar gida ba, don ya san matarsa sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ya ɓoye ta a saman katangar bayan gida na wurin aiki. Kullum in an tashi ƙarfe uku, sai ya wanke fuska a famfo, ya shafa, ya kama hanya. Warinta kamar na fenti. Kafin ya kai bakin titi haɓar ta ɗauki wuta, shi kuwa yana murmushi.

Ɗakinsu ɗaya ne a saman bene. Da ya shigo, matar takan miƙa masa Gimbiya, 'yarsu mai wata bakwai, ta ruga shagon ɗinkin yayarta. Lokacin dasashin yarinyar na mata ƙaiƙayi. Ta ƙi cokali, ta ƙi ɗan roban da aka saya mata. Abu ɗaya take so: ta kama kunnuwan ubanta da hannu bibbiyu, ta kafa baki a haɓarsa, ta yi ta tsotsa, miyau na gangara masa a wuya.

A kwana na huɗu fatarsa ta yi ja, ƙananan ƙuraje suka feso.

"Baban Gimbiya, me ya same ka a nan?"

"Tururin tanderu ne."

Ta lakato basilin ta shafa masa. "Gemun bai fito ba, ga shi za ka gasa gonar."

Kwana biyu bayan nan leɓen Gimbiya ya kumbura. Ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, sannan ta ɓarke da kuka. Yayar matar ta zo, ta buɗe bakin da yatsa, ta taɓe baki.

"Ai haƙori ne. Ku yaran zamani, ƙuda ya sauka wa yaro sai ku ce asibiti. Biyar na raina."

Matar ba ta natsu ba. Ta canza sabulu. Ta tafasa tsummokaran goyo. Ta daina cin yaji. Wata safiya ya same ta zaune a bakin gado tana kallon ƙirjinta.

"Ko dai nonona ne ya ɓaci?"

Jiya da yamma, da zai wanke 'yar rigar Gimbiya, ya ji wari a wuyan rigar. Warin fenti. Ya daɗe tsugune gaban bokiti, rigar a hancinsa.

A wurin aiki ya tare direban.

"Malam, abin nan fa ya fara sale ni."

Direban ya ɗaga masa haɓa ya duba a haske. "Ka ga baƙaƙen ɗigon nan? Su ne. In ka tsaya yanzu, sun koma ke nan har abada. An kusa kai gaɓa za ka saki kwale-kwale?"

Sumul ya duba a gilashin motar. Ko gashi ne, ko ƙonanniyar fata, bai iya rabewa ba. Ya ce wa kansa kwana uku kawai zai ƙara. Zai ɗaure haɓar da hankici, ba zai bari yarinyar ta matso ba. Wa ya ma tabbatar ba haƙorin ba ne?

Ranar ya shafa ninki biyu, don a gama da wuri.

Gimbiya ta yi ta miƙa hannu ga kunnuwansa, yana kauda kai. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ya kwanta a tabarma, ya ɗora ta a ƙirji yana jijjigawa. Tun asuba yake tsaye gaban wuta. Bai san lokacin da barci ya sace shi ba.

Ƙarar da ta tashe shi bai taɓa jin irinta daga bakinta ba. Hankicin ya zame zuwa wuyansa. Bakin yarinyar ya yi jawur har kumatu, a gefen leɓenta ga bororo cike da ruwa, numfashinta na fita da ƙyar. Ya mayar da hankicin, ya sungume ta, ya sauka bene ba takalmi.

Matar ta iske shi a asibiti, igiyar awon ɗinki na rataye a wuyanta. Wata nas, dattijuwa mai tabarau, ta haska bakin yarinyar da tocila, ta daɗe tana dubawa.

"Haƙori ne, ko Malama?" in ji matar.

"Wane irin haƙori? Ƙuna ce wannan. Har cikin maƙogwaro." Ta juyo ta zuba mata ido. "Me kike shafawa a nononki?"

"Wallahi ba komai."

"Duk haka kuke cewa. Man bilicin? Maganin gyaran jiki? Ke, 'yar nan, ki faɗi gaskiya."

"Na rantse miki..."

Matan da ke layi suka fara juyowa suna kallo. Wata ta ja tsaki. Matar ta dafe ƙirji da hannu biyu, hawaye na zuba, tana lissafa sabulu da omo da duk abin da ta ci a makon.

"Ku ji ni da kyau," in ji nas ɗin. "Ta haɗiyi abin nan. In ban san ko mene ne ba, likita ma lalube zai yi. Ba mu da lokacin lalube."

Gimbiya ta daina kuka. Wani siririn sauti kawai ke fita daga ƙirjinta, kamar ana hura bakin kwalba.

Sumul ya kai hannu ƙeyarsa ya kwance ƙullin. Hankicin ya manne. Da ya ja, sai ya taho da fata.

"A nan take tsotsa," ya ce. "Kullum. Kwalbar na wurin aiki, zan kawo."

Matar ta kalli haɓar, ta kalli bakin 'yarta, ta sake kallon haɓar. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓe yarinyar daga hannunsa a hankali, ta bi bayan nas.

Kwana tara Gimbiya ta yi a gadon asibiti, ana ba ta madara ta siririn tiyo a hanci. Ta rame da kilo ɗaya da ɗoriya. Kafin bakinta ya warke nonon uwar ya ƙafe, ba ta ƙara sha ba. A gefen leɓenta na hagu akwai farin tabo kamar farcen ɗan yatsa. A haɓarsa akwai wani kamar tafin hannun yaro, likita ya ce gashi ba zai fito a wurin ba. Matar ta daina zuwa shago da yamma, don ba ta barin yarinyar da shi. Wata biyar ke nan bai ɗauki 'yarsa ba sai uwar na tsaye a ɗakin.