Yar da Takalmin, Remedios

"Sake yar da shi," in ji Maestro Anacleto, tsohon malamin makaranta, daga kan gado.

Manang Remedios ta dubi silifas ɗin da ke hannunta, ta dubi tsohon. Kunun shinkafar da ta kawo masa yana kan kujera yana hucewa, ko cokali bai tsoma ba.

"Haba Maestro, sau nawa zan duƙa? Gwiwoyin nan fa ba na budurwa ba ne."

"Yar da shi, ki ɗauka. Baki ya faɗa lokacin da hannu yake yi."

Ta yar, ta duƙa da nishi, ta ce, "Pick up."

"Yawwa!"

Haka yake koyarwa tun yana firamaren unguwa, kafin ya yi ritaya. Bai yarda da biro ba, bai yarda da zama ba. In kalmar ta gudu ce, sai ka yi gudu. Rabin nas-nas da ma'aikatan jirgin ruwan da suka fita ƙasashen waje daga wannan lungu na birnin Iloilo, a tsakar gidansa suka yi tsalle-tsalle suka iya Turanci. Remedios kuwa, da katanga ɗaya ce tsakaninsu, shekara da shekaru tana leƙe ta taga tana yi musu dariya. Yau ga ta a duƙe da furfurarta.

Jikarta Tessa ce ta ja mata. A Kanada 'yarta Jonalyn ta haife ta, yarinyar ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren gida, ita kuma Remedios ɗan Turancin da ta taɓa a aji uku tuni ya zube. Duk Lahadi in aka kira a waya mai hoto, yarinyar takan leƙo ta faɗi wani abu da sauri, Remedios ta yi ta washe baki tana cewa "yes, yes" kamar wawuya, har yarinyar ta gaji ta sulale. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai. Ga shi ƙarshen wata za su zo gida, karo na farko. Tsoronta ɗaya ne, kada jikarta ta tsaya a gabanta kamar a gaban baƙuwa.

"Yanzu je ki bakin ƙofa," in ji Maestro. "Filin jirgi ne. Kin je ɗauko Jonalyn. Me za ki ce?"

"Ina na sani?"

"Abin da kika ce wa takalmin."

"Kai, Maestro! 'Yar tawa da silifas duk ɗaya?"

"Duk ɗaya. In waya ta yi ƙara kika amsa, shi ne. In kika tsinci yare a kasuwa ba malami, shi ne. In iska ta fara ƙarfi kafin guguwa, shi ne dai."

Remedios ta riƙe haɓa. Ita mace ce mai son bin diddigi, ko kifi ba ta saye sai ta ji wanda ya kama shi.

"Wai Turawan nan kalmomi ne suka ƙare musu? Mutanen da suka ƙera jirgin sama, a ce kalma ɗaya suke aike ko'ina kamar autan gida?"

"Suna da su tuli. Kowace ma'ana tana da 'yar'uwarta mai kwat da taye, wadda ake shiga ofis da ita. Amma yarinya ƙarama ba da waɗancan take magana ba. Wannan ce ta cikin gida."

Ya sa ta ta amsa wayar da ba ta yi ƙara ba, ya sa ta ta zama iska da zanen gado. Maƙwabta suna wucewa suna leƙe, yadda ita ma ta saba yi.

"Saura ɗaya," ya ce, numfashinsa yana fita da ƙyar. "In mara lafiya ya fara samun sauƙi, shi ma haka ake cewa."

"To, dokarka ce. Ba a faɗa sai an yi. Tashi ka nuna mini."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Wannan kam, Remedios, sai dai ki nemi wani malamin."

Ta juya ta ɗauki kwanon kunun don kada ya ga idonta.

Bai kai ƙarshen watan ba. Wata safiya ta shigo da kunu ta tarar ya tafi, fuskarsa ta juya wajen taga, silifas ɗin a jere a gindin gado.

Aka kafa rumfa a lungu, aka ajiye akwatin gawar mai murfin gilashi a falonsa. Maza suna karta, mata suna addu'a da dafa kofi, ba wanda ya taɓa tsintsiya, don a al'adarsu ba a shara in gawa na gida. Cikin wannan zaman makoki Jonalyn da Tessa suka iso. Remedios ta tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa, hannuwanta a sake. Yarinyar ta leƙo daga bayan uwarta ta faɗi wani abu. Wayyo! Duk abin da aka sha duƙe-duƙe a kansa ya gudu daga kanta, ko ɗaya bai tsaya ba.

"Yes, yes," ta ce.

Yarinyar ta koma bayan uwarta. Remedios ta shiga kicin ta yi kukan da ba ta yi wa Maestro ba.

Ranar jana'iza, da aka fito da akwatin ƙofar gida, mutane suka tsaya suna kallon juna. A al'ada, kafin a wuce coci sai an ɗaga ƙananan yaran dangi an tsallakar da su ta saman akwati, don kada kewa ta dawo da mamaci yana ziyartarsu. Maestro kuwa bai yi aure ba, balle jika.

"A wuce kawai," wani ya ce. "Ba shi da kowa."

"Rufe mana baki!" in ji Manong Crispulo mai keke-napep. "Wane yaro ne a lungun nan ubansa bai yi tsalle a gidan nan ba? Ku jero su, duk nasa ne. In muka bar shi, gida-gida zai bi yana sa su yar da takalmi."

Aka yi dariya cikin hawaye. Jonalyn ta zagaya ɗaya gefen tana karɓar yara, ana miƙo mata su ɗaya bayan ɗaya suna wutsil-wutsil da ƙafafu. Da aka zo kan Tessa, Crispulo ya kai hannu zai sure ta. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta sandare, ga uwarta can bayan akwati, ga fuskokin da ba ta sani ba sun kewaye ta.

Remedios ba ta tsaya neman kalma a kanta ba. Duƙawa ta fara yi, gwiwoyinta suka ce ƙas, ta miƙa hannu biyu. Sai bakin ya bi hannun.

"Tessa. Lola pick you up."

Yarinyar ta yi tsit. Ta dubi wannan tsohuwa da ta kira kanta Lola, kaka. Ta ja majina, sannan a hankali ta ɗaga hannuwanta sama.

Ashe nauyi gare ta! Remedios ta cicciɓe ta, ta tsallakar da ita ta saman akwatin, Jonalyn ta karɓa. Ko sauke ta ba a yi ba yarinyar ta juyo tana miƙo hannu a mayar da ita, sai da Jonalyn ta zagayo da ita ta ɗora wa Remedios a kafaɗa.

Tessa ta rungume wuyanta, ta raɗa mata wani abu da sauri kamar kullum. A cikin maganar duka kalma biyu kawai Remedios ta kama, amma ta san su sarai. Ta bi yatsan yarinyar da kallo.

Ɗan takalminta ne ya zame wajen tsallakawa. Yana nan zaune a kan gilashin, ja, mai hoton malam-buɗe-littafi, daidai ƙirjin farar rigar Maestro. Masu ɗaukar akwatin suka dakata. Remedios ta gyara wa yarinyar zama a kwiɓinta, ta miƙa hannu.