Sunan Malam Dabo a Takardar Jamil

Shagon da ke jikin zauren Malam Dabo, a wani ƙauye gabas da Tsanyawa, da can ɗakin ajiyar harawa ne. Jamil, ɗan ƙanen Malam, shi ya roƙa aka ba shi. Ya shafe shi da siminti, ya jera benci shida da talabijin biyu, ya ce gidan kallon ƙwallo ya buɗe. Hure, matar Malam Dabo, ta san ba kallo kaɗai ake yi ba. Katanga ɗaya ce tsakanin madafinta da shagon, kuma kunnenta lafiya lau yake. Tana jin samari suna faɗin wa zai ci wa, da ƙwallo nawa, Jamil yana danna musu a waya yana cewa ta shiga. Caca ce tsagwaronta, wani kamfani ne a Legas yake ba shi kamasho. Sau ɗaya ta yi wa Malam maganar, ya ce yaron maraya ne, a bi shi da addu'a, Allah zai shirye shi. Daga nan ta ja bakinta ta tsuke.

Da korona ta zo, Turawa suka dakatar da ƙwallonsu, shagon ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Aka rufe hanyar Kano, motoci suka daina zirga-zirga, kasuwar mako ma sai a ɓoye ake cinta. Hure ta ji daɗin shirun nan, har ta ce a ranta ashe annoba ma tana da ranarta. Jamil kuwa ya rame. Yakan shigo gaishe da baffansa ya zauna yana kukan cewa a da ranar Asabar kaɗai yana samun abin da zai ci mako, yanzu ko man janareta ba ya mayarwa. Kamfanin ya turo musu wata ƙwallo ta inji, wadda 'yan wasan zane suke bugawa a gama cikin minti uku. Samari suka gwada ta kwana biyu, suka ce wannan injin ya san wanda zai ci tun kafin a fara, suka watse.

Ana shiga azumi sai ga shagon ya sake cika, ba talabijin, ba janareta, sai ƙus-ƙus da dariya ƙasa-ƙasa. A lokacin ne labarin mace-macen tsofaffi a birni ya cika rediyo, kullum sai an ambaci wani babban mutum. A ƙauyen ma an binne mutum biyu cikin mako ɗaya. A rana ta tara ga azumi zazzaɓi ya kwantar da Malam Dabo, da tari mai fitowa tun daga ƙirji, ga zafin bazara kamar a gasa mutum.

Abin da ya ba Hure mamaki shi ne 'yan dubiya. Manya suna tsoron cutar, daga bakin zaure suke aiko da sannu. Samari kuwa, waɗanda a da sai su wuce Malam a kan dakali ba gaisuwar kirki, su ne suke sallama safe da yamma. Su tsuguna a ƙofar ɗaki, su leƙa, su tambaye ta ko ya sha kunu, ko ya iya tashi alwala da kansa, ko numfashin ya daidaita. Wani har ya tambaya shekarun Malam nawa daidai. Hure ta ji kunyar zargin da take yi musu a baya. Ran nan ma da aka sha ruwa sai da ta aika musu da ƙosai cikin kwano.

Larai maƙwabciyarta ce ta shigo da hantsi a rana ta goma sha huɗu, fuskarta ba annuri. Ta ce ta je ɗauko irin gyaɗar da ta ajiye don shuka, ta tarar an kwashe fiye da rabi, kuma ɗanta Iliyasu ne, bai ma musa ba. Da ta caje aljihun rigarsa sai ta sami wata takarda da aka yago daga littafin makaranta. Ta miƙa wa Hure. Hure ba ta yi boko ba, amma Larai ta yi aji shida, ita ta karanta mata a hankali, tana bin layi da yatsa. Sunayen tsofaffin garin ne guda bakwai, kowane da lamba a gabansa. Na farko Malam Dabo. Na uku Malam Abdulkabir ladan. Har da wata tsohuwa makauniya ta bayan masallaci.

Larai ta yi mata bayani kamar yadda ta matse Iliyasu ya faɗa. Mutum zai zaɓi wanda yake ganin zai riga sauran mutuwa, ya sa kuɗinsa. In ya dace a ninka masa gwargwadon lambar. Wanda aka fi sa ran tafiyarsa, lambarsa ce ƙarama. Ta Malam Dabo ta fi ta kowa ƙanƙanta.

Hure ta karɓi takardar daga hannun Larai. Ta tuna idanun yaran nan a ƙofar ɗaki, yadda suke leƙen ƙirjin mijinta yana hawa yana sauka. Ashe ba dubiya suke zuwa ba, duba haja suke yi, kamar yadda dillali yake taɓa ƙugun rago. Kuma ta ba su ƙosai. Ta fita tsakar gida ta tofar da yawu sau uku.

Ta yafa mayafi ta zaga ta waje. Rabonta da taka ƙofar shagon tun ana zuba harawa. Mutum takwas ta tarar a ciki, ɗakin yana warin zufa da ƙafa, Jamil yana zaune da littafi a cinya. Da suka gan ta sai suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Ta ɗaga takardar ta tambaye shi ko rubutunsa ne. Ya ce nasa ne, ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Inna, ki fahimce ni. Ba mu kashe kowa ba, rai a hannun Allah yake. Wasa ne kawai kafin ƙwallo ta dawo. Ni wallahi addu'ata kullum Baffa ya tashi, don in ya rasu ni ne da asara, kusan kowa a kansa ya zuba."

Shi a ganinsa magana mai daɗi ya faɗa mata.

"Wato da safe in ka shigo kana tambayata jikinsa, lambar kake zuwa gyarawa."

Ta ce ya fitar da kayansa kafin la'asar. Ya fara cewa ai Baffa ne ya ba shi wurin, ba ita ba. Ta ce to su shiga tare yanzu ya karanta wa Baffan takardar da bakinsa. Kafin la'asar benci shida suna waje a rana. Ta ciro kwaɗon akwatinta ta datse ƙofar, ta ɗaure makullin a bakin zane.

Ba ta kai maganar gaban mai unguwa ba. Ta yi niyya, sai ta tuna cewa in ta fasu dole ta koma kunnen Malam, shi da yake fama da numfashi. Ta dai hana kowane saurayi wuce zaure. Da Malam ya tambayi ina yaran nan masu zumunci, ta ce an hana taruwa saboda cutar.

Cacar ba ta tsaya ba, gindin wata tsamiya ta koma, a bayan gonakin gero. Ana saura kwana biyar sallah Malam Abdulkabir ladan ya rasu bayan kwana biyu kacal yana jinya. Mutum biyu ne kawai suka zaɓe shi, lambarsa kuwa babba ce. Larai ta ce da ɗayansu aka ɗauki makara, yana ta share ido, kuma ranar sallah da sabuwar waya ya je idi. Malam Dabo kuwa ya tashi. Da aka yi ruwan shuka shi da kansa ya dogara sanda ya je ya ga yadda ake saran gona.

Wajen tsakiyar damina ƙwallon Turai ta dawo, ko da yake ba 'yan kallo a filayen. Jamil ya kama shago a bakin tasha cikin Tsanyawa, wanda ya ninka na da. An ce ciniki ya fi na kafin annoba, don zaman gidan nan ya koya wa mutane da yawa yin caca a waya, har da magidanta. Da babbar sallah ya zo a kan sabon babur, da cinyar rago a leda da yadi biyar na shadda. Ya durƙusa gaban baffansa, Malam ya dafa kansa ya daɗe yana sa masa albarka, yana cewa ya san dama yaron nan zai zama mutum.

Hure ta karɓi ledar da yatsa biyu. Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ba ta dube shi ba. Bayan ya tafi Malam ya ce a yi masa farfesu da naman, ya kwana biyu yana marmari. Ta tsaya a madafi da cinyar a gabanta, ƙudaje suna sauka a kai, ta rasa yadda za ta yi. Daga ƙarshe ta yanka ta dafa, ta sa masa citta da masoro yadda yake so, ta kai masa. Ya ce ta zauna su ci tare. Ta ce cikinta ne ba daɗi, ta koma ta ci tuwon jiya da miyar kuka.