Lanƙwasar Katangar Packie

Shekara arba'in Farfesa Fintan Devanney yana cin abinci da lanƙwasa guda ɗaya. Katangar duwatsu ce a wata gona a yankin Mayo, can ƙasar Turawa, ta taho a miƙe, ta yi kwana kamar baka, ta sake miƙewa. Tun yana ɗalibi ya rubuta cewa kwanar ta bi sawun ganuwar wani tsohon gari da ya ɓace, har ta zama karatun da ɗaliban tarihin ƙasa ke haddacewa. Ran Asabar za a kafa allo da sunansa a wurin, shi ya sa ya zo neman izinin mai gonar.

Mai gonar, Nuala Geraghty, tsohuwa mai shekara casa'in, ta turo masa shayi da burodi, ta saurare shi har ya gama.

"Gari? Wane gari, ɗan nan? Marigayi maigidana Packie ne ya ja katangar, shekarar aurenmu."

"A'a, Iya, lanƙwasar nake nufi."

"Ni ma ita nake nufi. Bishiyar ƙaya ce a wurin, ta mutanen ɓoye. Wa ya isa ya sare ta? Sai ya kewaye ta. Daga baya guguwa ta tumɓuke ta."

Kan Farfesa ya ɗaure tam. Ya zaro taswirarsa ya shimfiɗa, ya juya ta, ya cire tabarau, ya mayar. Layin da ya zana da hannunsa na nan, amma ya rasa abin da yake kallo. Ya zuba sukari a shayi, ya manta, ya ƙara zubawa.

"To ramin tsakiya fa, wanda na ce rijiyar garin ce?"

"Gurbin saiwarta ne. Sau biyu tunkiyarmu na faɗawa."

Ya tuna ɗaliban da ya kayar a jarrabawa saboda sun yi shakkar rijiyar nan. Kunya ta rufe shi, ga tsoron Asabar. An ce matambayi ba ya ɓata, shi kuwa ya yi shekara arba'in a ɓace, jama'a na biye da shi.

"Haba, Iya! A gidan nan fa na sauka lokacin da na zo bincike ina ɗalibi. Me ya hana ki faɗa mini?"

Nuala ta goge bakin buta da gefen rigarta.

"Sati uku kana cin dankalina a kan kujerar nan. Ka tambayi duwatsu, ka tambayi takardu. Ni gishiri kaɗai ka taɓa tambayata."