Hayaƙin Barkono a Rigar Cima

Bushira ta sunkuya za ta shimfiɗa wa yarinyar tabarma ke nan, sai warin ya buge ta. Hayaƙin barkono ne, ya kama riga, ya kama kitso. Shekara ashirin da biyu rabonta da wannan wari, amma hancinta bai yi ko shakka ba. Ta ɗaga kai ta dubi tsohon da ya kawo yarinyar. Barmo ne, mai maganin Garhanga, ga tabon nan a girarsa ta hagu. Ya rame, ya ranƙwafa, haƙora sun watse sun bar shi, amma shi ne.

Aikinta a wannan ɗaki na bayan likitar Buza, asibitin garin, shi ne duba yaran da suka ga abin da ya fi ƙarfin idonsu: masu firgita, masu fitsarin kwance, masu ɗauke magana. Mutanen gari madam mai wasa da yara suke ce mata, don kullum suka leƙo sai su tarar da ita zaune a ƙasa da yumɓu, kamar ba ita ce ta yi shekara biyar a jami'a ba.

Tsohon ya yi bayani yana murza sandarsa. Cima jikarsa ce, shekararta bakwai. Iyayenta suna zaune a wani ƙauye kudu da Madawa, kusa da iyaka. Wata biyu da suka wuce 'yan bindiga suka shigo a kan moto, wato babura, da hantsi, suka harbe uban, uwar kuma har yau ba labari. A cikin rumbu aka tsinci yarinyar, tun ranar ba ta ce uffan ba. Shi dai tari ya kawo ta a ba ta magani, majo, shugaban ma'aikatan jinya, shi ne ya turo su nan.

"Mi kun ka yi mata gida?" Bushira ta tambaya.

"Ɗan hayaƙi kawai, ɗiyata. Iska ta riƙe mata halshe. In an ka matsa mata, sai ta faɗi sunanta ta hita."

Wai ɗiyata. Da wannan bakin ya faɗa wa uwarsu wannan maganar, ba ragi ba ƙari, lokacin da aka kai masa ƙanenta Isufu. Rijiya ce ta rufta da ubansu a gaban yaron, shi ma ya ɗauke magana. Barmo ya lulluɓe shi da bargo, ya tura kaskon garwashi da barkono a ciki, ya danne. Bushira tana da shekara goma sha ɗaya, tana tsaye a bayan dangar kara tana jin tarin. Bayan kwana uku ƙirji ya tafi da Isufu, aka ce iska ce ta fi ƙarfi. Ta tsani mutumin nan tun ba ta san sunan abin da take ji ba, kuma gaskiya ita ce tsanarsa ce ta kai ta makarantar wannan aiki.

Yau ga shi Allah ya kawo mata shi har buro, cikin ofishinta, da ƙafarsa, da shaida a jikin riga. Ta jawo takardar da ake aika wa alƙalin yara idan ana cutar da yaro a gida. Ta cika ta da rubutu mai kyau, ba ta taɓa jin daɗin alƙalamin bik a hannunta kamar yau ba. Tana sa hannu, za a raba shi da yarinyar, jandarma su bi shi har Garhanga, a gaban waɗanda suke durƙusa masa. Kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya.

Sai dai ƙa'idar aikinta ba a aika takarda sai an gama duba yaro. Ta ce wa tsohon ya fita. Cima ta damƙe gefen rigarsa, dole aka bar shi ya zauna a bakin ƙofa. Bushira ta ajiye yumɓu da tsakuwa a kan tabarma, ta ce wa yarinyar ta gina duk abin da ta ga dama, ba mai yi mata faɗa. Ta so ƙwarai ta ga an gina kasko.

Cima ta daɗe tana kallon yumɓun. Can ta gina rumbu, ta mulmula 'yar ƙwallo ta jefa ciki. Ta jera tsakuwa bakwai a kewaye. Sannan ta murza wani dogon mutum, ta lanƙwasa masa baya, ta soka masa tsinke a hannu, ta tsayar da shi tsakanin rumbun da tsakuwoyin. Bushira ta miƙa hannu a hankali ta ɗan matsar da mutumin gefe, don ta gani. Yarinyar ta cafke wuyan hannunta da ƙarfin da ba na shekara bakwai ba, ta mayar da shi inda yake, tana huci.

Ba ta buƙatar a fassara mata. Ita da kanta take koya wa sababbin ma'aikata cewa yaron da ya rasa kowa, kada a kuskura a cire masa mutum ɗayan da ya rage. A duk mutanen ƙasar Adar, sai wannan ne ya rage wa Cima.

"Baba Barmo, ka tuna Isufu ɗan Abdulaziz mai ginan rijiya?"

Tsohon ya runtse ido, ya yi tunani tsakaninsa da Allah. "Isufu... Yara da yawa sun ka biyo ta hannuna, madam. Ya samu lahiya dai ko?"

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, bai ma san dalili ba. Shekara ashirin da biyu tana shirya abin da za ta ce masa, ashe shi ko sunan bai ajiye ba.

Ta ɗaga takardar ta nuna masa, ta faɗa masa abin da ke ciki da inda za ta, ta ce sa hannu kaɗai ya rage. Ranar da ta sake jin warin barkono a jikin Cima, ranar za ta sa. Kaskon kuma ya zo da shi mako mai zuwa, ya fasa shi da hannunsa a gaban matan da ke jira a rumfa. Barmo ya ce to.

"Kuma kowace Alhamis kai za ka kawo ta, ba aike ba. In na ƙare da ita, ka zamna. Ina ba ka labarin Isufu, kaɗan kaɗan, har ka san shi."

Ta saka takardar a aljihun tebur ta kulle. Cima tana ta gyara wa mutumin yumɓu tsinkensa. Bushira ta jawo kujera gaban tsohon ta zauna, ta ce ai yau ma Alhamis ce.

"Isufu da hagu yake cin tuwo," in ji ta.