Ƙaron Tawada

A raka'a ta biyu ta la'asar cikin Malam Falalu ya sake murɗawa. Ya daure har ruku'u, sai alwala ta karye. Ya jawo hannun na'ibinsa Haladu gaba, ya ratsa sahu kansa a ƙasa. Karo na uku ke nan a wata guda, kuma mutanen Roni ba sa raina abin magana.

Shekara ashirin yana limanci, yau ga ciki yana neman tsige shi. Ba saiwar da bai sha ba, har ta masu tallar magani da lasifika a kasuwar Babura.

Ranar Alhamis ya hau acaɓa zuwa asibiti a Kazaure. Likita Nafisat ta duba takardun gwajinsa.

"Allah gafarta Malam, ba miki, ba tsutsa. Hanjin ne mai saurin fushi."

"'Yata, gara ki ce akwai cuta a cire ta. Gobe Juma'a. In na sake fita daga sahu, ba ni da fuskar komawa."

Ta ajiye takardun. "Ana bincike kan abubuwa masu yauƙi da danƙo, irin kuɓewa da ƙaro. Wasu suna samun sauƙi, amma ban yi maka alkawari ba. Ka riƙa jiƙa ƙaro kaɗan kana sha."

"Ƙaro? Wanda nake haɗa tawada da shi?"

"Shi fa. Sai dai makon farko iskar cikin kan ƙaru kafin ta lafa."

In ya fara yau, gobe ba shi da alwalar da za ta kai shi sallama. In bai fara ba, haka zai ci gaba da hawa mumbari da fargaba.

Da ya koma gida ya zauna a zaure, ya buɗe gwangwanin ƙaron da ya fi shekara goma kusa da allunansa. Ya daɗe yana juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Tsoro yake ji, don ya san Haladu ya fi shi murya, kuma jama'a suna da saurin sabo.

Ya jefa ƙaron a kofin ruwa. Sannan ya ɗauko sandar huɗuba, ya goge ta da bakin rawaninsa, ya nufi gidan Haladu, ya miƙa masa ita.

"Malam, na kwana nawa?" in ji Haladu.

"Riƙe dai," ya ce. Sai da Haladu ya ɗan ja, sannan Malam Falalu ya saki.